Ganye Uku a Gaɓa Ɗaya

Mun tashi daga Kaduna da asuba, ana fitowa daga masallaci, mu uku a mota: ni, da ƙanena da ke tuƙi, da wata ƙawata da ke koyar da ilimin tsirrai a kwaleji. Bauchi muka nufa, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kai mu ba. Waɗanda suka yi ta tambayar inda na shiga a makon jiya, ga bayanin.

Ina da goggo a Tirwun, a gefen birnin Bauchi, yayar mahaifina. Ta manyanta, idonta ya fara yana, amma tun rasuwar mijinta take zaune a gidanta ita da awakinta. A cikin bazarar nan awaki uku suka mutu mata, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wata doguwar cuta ba. Babban ɗanta, wanda nake kira Hamma, tela ne a Wunti. Shi ya kira ni ya ce ya gyara mata ɗaki a gidansa, ya kuma yi magana da dillali zai zo ƙarshen mako ya kwashe awaki huɗun da suka rage. Abin da yake so kawai in zo in taya shi lallashinta, don tana jin maganata. Da ya ce ai ta ma kusa yarda, sai na san da wata a ƙasa. Goggon da na sani ba ta rabuwa da dabba da son ranta. A ruga aka haife ta a wajen Zungur, cikin shanu, kuma da shanun suka ƙare, awakin nan ne suka zama dalilin tashinta da safe.

Da na ba ƙawata labarin, tambayarta ta farko ita ce me awakin suke ci. Na ce ban sani ba. Ta ce to a bar mata kujerar baya.

Hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka tana nan yadda kuka san ta. Ƙanena ya san ramukanta kamar yadda ya san 'yan unguwarsu, har yakan sanar da mu kafin mu iso babba, mu riƙe kujera. A Saminaka muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya yanka mana burodi siriri har ana hango hasken rana ta cikinsa, da ƙanena ya yi ƙorafi ya ce mu je mu tambayi masu fulawa, shi ma haka ya gani. Ƙosan wata tsohuwa da ke gefensa ne ya cece mu, da zafinsa da yajinsa.

Da muka hau tudun Jos iska ta sauya, muka sauke gilashi. A bakin titi, kafin a karya kwanar Bauchi, akwai masu sayar da furanni, sun jera su cikin baƙaƙen ledoji. Nan ƙawata ta ce a tsaya, wai minti biyar. Duk wanda ya taɓa tafiya da malamin tsirrai ya san tsawon wannan minti biyar ɗin.

Mai sayarwar mutum ne mai fara'a. Komai a wurinsa fulawa ne: jar fulawa, fulawa mai ɗorawa, fulawar shinge, fulawar ofis. Ya san wadda ke son ruwa da wadda ke jure rana, kuma abin da masu saye ke tambayarsa ke nan. Ni ma da launi na fara zaɓe. Ƙawata ta ce in bar furen tukuna, domin fure baƙo ne, yau yana nan gobe ya zube, ganye da kara su ne 'yan gida. Ta kamo wani reshe ta nuna mini gaɓa, wato daidai inda ganye ke fitowa daga kara. Ta ce in ƙirga ganyen da ke kowace gaɓa. A wani tsiron ɗaya ne, nan dama, can sama hagu, kamar matakala. A wani biyu ne suna fuskantar juna. Ta sa na shafa gefen ganye in ji ko sumul yake ko yana da haƙora kamar zarto, na murje wani na sansana. Ta nemi izinin mai kaya ta tsinke ganye ɗaya na wata mai furen ɗorawa kamar mazurari, sai ga farin ruwa kamar madara yana ɗiga. Ta ce duk wanda na ga yana wannan, in wanke hannu kafin in taɓa ido ko abinci.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata mai babban jan fure da na sha gani a ƙofar asibitoci. Ta ce in dubi tsakiyar furen da kyau, in tuna gonar kuɓewa. Na duba, ashe kuwa kamar an tsaga kara: dogon tsinke a tsakiya, ganyen fure biyar kewaye da shi. Dangin kuɓewa da zoɓo da rama ce, ta dai sami gidan masu hali. Ita kuwa mai ƙaya ɗin nan da ke hawa katanga, wadda furenta ke kama da takarda, ashe abin da muke kira furen ganye ne da ya sauya launi, furen gaskiya ɗan fari ne ƙanƙane a tsakiya. Ƙanena ya ce shi dai darasin da ya ɗauka shi ne rana tana yi.

Daga Tilden Fulani aka fara gangara, zafi kuma ya fara hawa. Kafin Nabordo mun mayar da gilashi. Mangwaro ya cika bakin hanya a cikin robobi da kwanduna, mata suna ɗaga shi sama in sun hango mota, kuma ya fi na Kaduna araha nesa ba kusa ba. Wajen Zaranda, a jikin duwatsu, muka ga kariya ta yi fure: gindi kumburarre kamar tulu, rassa tsirara babu ganye ko ɗaya, fure ja-ja a kan kowane reshe. Ƙawata ta ce a birane yanzu ana saka ta a tukunya ana sayarwa da tsada, alhali ga ta nan tana zaune a kan dutse kyauta. Ta ƙara da cewa ita ma ruwanta dafi ne, kuma makiyaya sun san haka tun kaka da kakanni.

Mun shiga Bauchi bayan azahar, muka wuce Wunti kai tsaye. Keke da 'yan acaɓa sun cika titi, kowa yana ganin shi ne mai gaskiya. Shagon Hamma yana cikin layin teloli, ƙarar kekunan ɗinki ta haɗu da ta janareto har sai ka matsa kusa da mutum kafin ka ji shi. Ya aika aka kawo mana masa. Na san za a ce son kai ne, amma masar Bauchi daban take: fadi gare ta, cikinta laushi, gefenta a soye, ga miyar taushe da ƙuli a kai. Ƙanena ya duƙufa a kan faranti har ya manta da ƙorafi, abin da ba a saba gani ba.

Hamma ya yi mini bayaninsa muna ci, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce Tirwun ɗin da muka sani ta tafi. Gonakin da ke kewaye da gidan an yanka su filaye, an gine, babu inda akuya za ta yi kiwo, sai a turke, sai harawar saye, harawar kuma ta yi tsada a bana. Ya kawo malamin dabbobi, ya duba ya ce alamun guba ne, amma bai iya cewa daga ina ba, ya yi allura ya tafi. Shi Hamma yana zargin leda ko maganin feshi. Abin da ya fi damunsa ba awakin ba ne. Ya ce tun mutuwar ta ukun tsohuwa ta daina hira, ta rage cin abinci, kuma idan ya ce ta dawo gari ba ta ƙara yi masa faɗa, sai ta ce to. Wannan "to" ɗin ne ya hana shi barci.

Da la'asar muka isa Tirwun. Ba don tsamiyar ƙofar gida ba da na wuce wurin. Gidan Goggo na ƙasa ne da rufin kwano, yanzu ya zauna tsakanin dogayen katangun bulo masu ƙofofin ƙarfe, kamar tsohuwa a cikin 'yan makaranta. Ta tarbe mu da fura da nono, ta tambayi kowa da kowa har da waɗanda suka rasu ta manta, ta riƙe hannun ƙawata ta yi mata sannu da hanya. Ta rame. Awakin huɗu suna ɗaure a ƙarƙashin rumfa, uwa ɗaya da ciki. Na lura ko da take magana da mu, kunnenta yana wurinsu.

Washegari da hantsi ƙawata ta nemi tsintsiya da faifai. Ta share garken tas, ta zauna a kan tabarma tana tsince sharar kamar mai tsintar shinkafa. Harawar wake, dusa, ɓawon gyaɗa, ɗan guntun igiya. Ba ta sami komai ba. Ta zaga bayan gida inda tsohon shingen bini-da-zugu yake, ta nuna mini faffaɗan ganyensa mai kusurwoyi da ruwansa mai kumfa, amma babu alamar an ci, kuma igiyar awakin ba ta kai nan. A lungu muka ga kimbar mahalba, mai kara kusurwa huɗu da ganye mai kaushi da ƙamshi mai hawa kai. Ita ma tana cutar da dabba, amma Goggo ta ce rabon awakinta da fita tun kafin a girbe dawa. Da ƙawata ta tambaye ta abin da take ba su, ta ce harawa da dusa da ruwan kanwa, ta tsaya nan. Duk tsiron da muka nuna mata ta faɗi sunansa da Hausa da Fulatanci tun kafin mu rufe baki, da abin da yake yi wa saniya da abin da yake yi wa akuya. Na fara tunanin mun yi doguwar tafiya a banza.

Neman itacen hura wuta ne ya kai ni bayan madafa. A can na tarar da ɗaurin rassa da ganyensu, guda huɗu ko biyar, an jingine su a jikin bango, kowanne ɗaure da tsumman atamfa, ba a ko kwance ba. Na ƙasa sun bushe, na sama bai gama yaushi ba. Ganyen mangwaro ne a ido, abin da kowace akuya za ta yi rawa a kansa a wannan lokaci na shekara. Na tambayi Goggo me ya sa ba ta ba su ba. Ta ce itacen girki ne. Na ce ban taɓa ganin an ɗaure itacen girki da ganyensa ba. Ta yi kamar ba ta ji ba.

Sai da ƙanena ya fita, ƙawata ta shiga wanka, sannan ta kira ni ɗaki ta sa na sakaya ƙofa. Ta ce maƙwabciyarta ce ke kawowa, ta bayan wannan katangar, wata malamar firamare 'yar wajen Dass da ake kira Maman Tani. Tun da suka tare suke zaman lafiya. Duk Asabar matar takan sassabe mangwaronta ta kawo wa awaki ganyen, ita kuma Goggo ta tara mata takin awaki a buhu don shukokinta. Haka ake yi a ko'ina, mai bishiya ya ba mai dabba, mai dabba ya ba mai shuka.

"Asabar ta kawo, Lahadi in tashi in tarar da mushe," in ji Goggo. "Sau uku, 'yar nan. Ni ba yarinya ba ce."

Na ce ko ta tambaye ta?

"In ce mata me? Mutum ya ɗauko abu a kansa ya kawo miki har gida, ya durƙusa ya gaishe ki. In kwance a gabanta in duba?"

Ta ce ta yi ta juya abin a ranta. Awaki suna kuka da dare, suna wari, suna tara ƙuda, su kuwa mutanen nan sun kashe dukiya sun gina gidaje masu kyau. Wataƙila sun gaji, kuma sun ji nauyin faɗa mata. Ba ta gaya wa Hamma ba don ta san zai tafi wurin mai unguwa, a yi abin da ba za a iya gyarawa ba. Saboda haka ta ci gaba da karɓar ɗaurin, tana godiya, tana aika taki, tana kai ganyen bayan madafa. Mutuwa ta tsaya, kuma tsayawar ce ta ƙara tabbatar mata da abin da take tsoro. Ta gwammace ta sayar da awakin ta bar gidan, da ta zauna inda ake neman tashinta, ko ta buɗe baki ta zargi wadda ke ce mata Mama.

Na ce ta ba ni izini ƙawata ta kwance ɗauri ɗaya. Ta yarda, ta ce amma kada maganar ta fita gidan.

Ƙawata ta baza ɗaurin a tsakar gida, ta sa leda a hannu, ta fara warewa. Ba a jima ba ta yi tsibi biyu. Ni ban ga bambanci ba: duka dogayen ganye ne masu tsini, masu kauri. Ta miƙo mini reshe ɗaya daga tsibin farko ta ce in ƙirga. Ganye ɗaya a gaɓa, suna zagaya kara, da na murje kuma ƙamshin ɗanyen mangwaro ya tashi. Ta nuna mini na tsibi na biyu ba tare da ta bari na taɓa ba. Uku ne a gaɓa ɗaya, sun kewaye karan kamar duwatsun murhu, haka kowace gaɓa har ƙarshen reshe. Inda ganyen ya zube ma tabonsa uku na nan. Ta ɗaga ɗaya a rana: jijiya ɗaya mai kauri a tsakiya, ƙanana kuma sirara, a jere kusa da juna kamar haƙoran mataji. Ta ce mangwaro ba ya yin uku, ko a Bauchi ko a ko'ina.

Ta ce Turawa suna kiran wannan oliyanda, ita kuma ba ta san wani sunan Hausa da aka yarda da shi ba, don shigo da shi aka yi saboda ado. Ganyensa, karansa, furensa, saiwarsa, duka guba ne, yana taɓa zuciya, kuma kaɗan ya isa ya kashe akuya. Idan yana tsaye ɗanye dabba takan ƙi shi saboda ɗaci, amma in an sare shi ya yi yaushi, ya cakuɗa da ganyen da take so, ga yunwar bazara, sai ta haɗa duka. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba a gwada cikin awakin ba, amma abin da Goggo ta kwatanta, rawar jiki da zawo da mutuwa kafin gari ya waye, ya dace. Ta kuma ce Allah ya tsare da ba a sa shi a murhu ba, domin hayaƙinsa ma ba a shaƙa.

Goggo ta matso da reshen kusa da idonta mai ɗan gani, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ita ba ta san wannan ba, ba ya cikin dajinsu. Sannan ta yi tambayar da ke cinta: wanda ya sa shi a ciki, ya san abin da yake? Ƙawata ta ce ganye ba zai faɗi wannan ba, sai an ga uwar shukar.

Muka shiga gidan Maman Tani da sunan baƙi masu son furanni, abin da ba ƙarya ba ne. Mace ce gajera mai yawan dariya, Hausarta irin ta Bauchi wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji ba. Ta zagaya da mu tsakar gidanta da alfahari. A kusurwa, jikin katangar Goggo, ga mangwaro matashi, ga kuma wata shuka da ta fi mutum tsayi, rassanta sun miƙe daga ƙasa kamar sanduna, ta cika da fure ruwan hoda mai ƙamshi, ta shiga cikin mangwaron har ba a rabe su. Na ƙirga da ido. Uku.

Tun ba mu tambaya ba ta ba mu labarinta. A bakin titi ta saye ta tana 'yar ƙarama, kuma takin Mama ne ya sa ta yi wannan girma. Da bazara ta tsananta, ta ji harawa ta yi tsada, sai ta ga ganyen mangwaronta ya yi kaɗan, ta ji kunyar kai ɗan tsurut. Shi ne take ƙarawa da na fulawar don ɗaurin ya yi kauri, tunda ganyen iri ɗaya ne. Ta ce ta ji Mama ta yi asara, har ta yi niyyar ƙara yawan na wannan Asabar ɗin don waɗanda suka rage su samu ƙarfi.

Na dubi ƙawata, ta dube ni. Ita ta yi maganar, kuma ta yi ta da kyau. Ta fara da tambayar ko yara suna wasa a wurin, sannan ta nuna mata gaɓar, ta sa ta ƙirga da kanta, ta faɗa mata abin da shukar take, a hankali, ba ta ambaci akuya ba. Ba sai an ambata ba. Na ga lokacin da lissafin ya haɗu a fuskar matar. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ɗora hannu a ka. Can ta miƙe ta fita ba ko takalmi, muka bi ta.

Goggo tana zaune a bakin rumfar awaki. Maman Tani ta zube a gabanta tana kuka, tana cewa ita ta kashe su, da hannunta ta kawo, a faɗa mata abin da za ta biya. Goggo ta bar ta ta yi mai isarta. Ni da na san abin da tsohuwar ta ɗauka a ranta duk tsawon bazarar nan, na ga kafaɗunta suna sauka kaɗan-kaɗan. Ba ta faɗa mata ta taɓa zarginta ba, ba ta ambaci ɗaurin da ke bayan madafa ba, mu ma ba mu ambata ba. Ta ce kwanansu ne ya ƙare, kuma kada ta sake jin maganar biya a gidanta. Sannan ta kamo hannunta.

"Tashi, 'yata, ƙasa da zafi. Asabar ki kawo mini na mangwaron. Ko ɗan kaɗan ne, ki kawo."

Da yamma mijin matar ya dawo, ya sa leda a hannu kamar yadda ƙawata ta ce, ya tone shukar har saiwa. Aka haɗa da ɗaurin bayan madafa, wanda ƙanena ya fitar ta ƙofar baya, aka binne a rami mai zurfi can bayan gari. Hamma ya iso ana cikin haka. Da ya ji bayani ransa ya ɓaci, ya fara ɗaga murya, Goggo ta kira sunansa sau ɗaya ya yi shiru. Ta ce ya sallami dillalinsa. Ya ce to idon fa, da katangar baya da ke jiran damina ta faɗi? Ta ce ido a kai ta asibiti a duba, katanga kuma ai tana da ɗan da zai gyara mata. Suka yi ta ja-in-ja, tana yi masa faɗa kamar yana ɗan shekara goma, har ta tuno masa wata tunkiya da ya bari ta ɓata tun yana yaro. Na ga yana sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi. Bai janye maganar ɗakin ba, ya ce yana nan a gyare, kuma na san za su sake yin ta. Amma a gabanmu ya kira dillalin ya ba shi haƙuri. A daren Goggo ta cinye tuwonta ta nemi ƙari.

Mun kamo hanyar gida da sassafe, but ɗin mota cike da mangwaro da ƙullin masa da Hamma ya dage sai mun tafi da shi. A Jos ƙawata ta sake cewa a tsaya, wannan karon da gaske minti biyar: ta je ta nuna wa mai furannin nan waɗanda ya kamata ya riƙa gargaɗin masu saye a kansu, in suna da yara ko dabbobi. Ya saurara da kyau, ya ce ba wanda ya taɓa faɗa masa, ya matsar da su gefe ɗaya. Mun shiga Kaduna ana kiran la'asar, lafiya lau, sai gajiya.

Abin da na dawo da shi ba mai yawa ba ne. Garuruwanmu suna cin ƙauyukansu, turken akuya da lambun ado sun koma katanga ɗaya, kuma mun shigo da tsirran da iyayenmu ba su sa wa suna ba, muka tara su duka muka ce fulawa. Wanda zai shuka, ya tambayi sunan abin da yake saya. Wanda zai ba dabbar maƙwabci ganye, ya tsaya a kan wanda ya sani. Idan kun ga dogon ganye mai kauri, uku a gaɓa ɗaya, da fure ruwan hoda ko fari ko ja, ku nisanta shi da yara da dabbobi da murhu.

Ɗayan abin kuwa ya fi wannan nauyi a raina. Mata biyu, katanga ɗaya tsakaninsu, ɗaya tana jin kunyar kai kyauta kaɗan, ɗaya tana jin kunyar duba kyautar da aka kawo mata, kuma saura kaɗan tsohuwa ta bar gidan mijinta da zargin da ba ta taɓa furtawa ba. Ba zan ce mu daina kunya ba, da ita aka raine ni. Amma na yi wa kaina alkawari, duk ranar da wani babba nawa ya ce mini "to" a inda ya saba yin faɗa, ba zan yi murna na yi nasara ba. Zan zauna in tambaye shi me ya faru.